Yadda Ake Ɗanɗana Abin Sha a Ngueli Ba a Ji Kunya Ba

Wanda ya tsallako gadar Ngueli daga Kuseri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, maƙogwaronsa ne ke riga ƙafarsa shiga Chadi. Tun 1985 gadar nan take kan kogin Logone tana haɗa Kamaru da N'Djamena, kuma a bakinta manyan motocin da suka taso daga Duwala suke jeruwa suna jiran kwastan. Inda direba ya yini kuwa, mai abin sha ba ta rasa ciniki. To, ɗan'uwa, ka bi a hankali.

Fara da karkanji. Zoɓo ne, amma kada ka kuskura ka ce "ai zoɓo ne kawai" a gaban mai shi, don tun asuba take kansa, kuma kowace mace da hannunta. Wata tana zuba citta har sai ka yi atishawa, wata kanumfari take ji da shi, wata ta jefa kirfa, wata kuma ta rage sukari ta bar tsamin ya yi aikinsa. Saboda haka kada ka cika ciki a wuri guda. Sayi ƙaramar gora, ka ɗaga ta sama ka duba launi. Ja mai duhu ya sha jiƙo da haƙuri. Wanda ya koɗe, ƙanƙara ce ta cinye shi. Kurɓi kaɗan, ka bar shi ya zagaya baki, sannan ka gyaɗa kai ka ce, "Hajiya, sannu da aiki." Ko ba ta jin Hausa za ta gane, wataƙila ma ta ƙara maka.

Tsakanin gora da gora ka wanke baki da ruwan tsamiya, wadda suke kira ardeb.

Yanzu ga inda ake son ka buɗe ido. Idan ka nausa wajen unguwar Walia za ka iya cin karo da wani gida, mutane jere a benci, kowa da ƙoƙonsa, mace tana kamfatowa daga babbar tukunya. Launin abin sak kunun dawa. Ba kunu ba ne. Bili-bili ke nan, ƙanwar burkutu: jar dawa ake tsirarwa, a niƙa, a dafa a ganga, a bari ta tashi. Giyar kwalba irin Gala ta Mundu ba ta ruɗa kowa, bili-bili ce ke ruɗa baƙo mai ƙishirwa. Masu shanta sun san ta safe tana da zaƙi, ta yamma kuwa ta yi ƙarfi, don ba ta daina tashi a tukunya. Kafin kowane ƙoƙo ya kai bakinka ka tambaya da Larabcin garin, "Da shunu?", wato mene ne wannan. In addininka ya hana ka, ka gaisa, ka gode, ka wuce. Ba a buɗe wa'azi a tsakar gidan mutane, balle da yawa daga matan nan da wannan tukunya suke biyan kuɗin makarantar yara.

Shayi ka bar shi ƙarshe, don bayan sukarinsa harshe ba ya ƙara jin komai. Za a tambaye ka ja ko kore. Ɗan ƙaramin kofin gilashi za a miƙo maka, kada ka tsaya neman ƙaton kofi da burodi irin na mai shayin Fagge. Zauna a tabarma ka kurɓa da ƙara, babu mai kallonka.

Wajen biya kuma ka natsu. Da riyal ake lissafi a baki, riyal ɗaya sefa 5, daidai da dalar mutanen Maraɗi. In mai shayi ya ce "ishirin", sefa 100 yake nufi. In ya ce "miya", ka zaro 500, ka kuma waiwaya ka ƙirga mutum nawa suka sha da sunanka.