Kama Mini, Ɗan'uwa

Duk yamma bayan La'asar, in muka baje tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, daga yadda mutum ya zauna za ka gane shekarunsa a dako. Samari sai su faɗo tim kamar an jefo su. Waɗanda suka haura arba'in kuwa sai sun dafa bango, sun ce "wash, bayana", sannan su sauka a hankali. Rabin mazan layinmu da ɗaukar kaya suke ci: wasu a Dawanau, wasu a Singa, wasu suna sauke diloli a Kantin Kwari, wasu leburori ne a wurin gini. Shi ya sa ko da siyasa aka fara hira, a buhu take ƙarewa.

Mu dai mun san halinmu. In tirela ta tsaya aka kafa katako, yaron da ya sungumi buhun masara mai kilo 100 shi kaɗai, ya hau da sassarfa, shi muke yi wa kirari. Namiji! Ƙarfe! Wanda ya ce a kama masa kuwa, sai mu ce ragwanci ya fara shigarsa. Ga shi kuɗin dako a kan buhu ake lissafa shi, ba a kan wuni ba, don haka wanda ya tsaya jiran abokin kamawa gani yake abincinsa na wuce shi. Da bakinmu muke zuga yaran nan, in bayan ya ƙage kuma mu ce ai ƙaddara ce.

Akwai wani dattijo a cikinmu da ya tsufa a dakon hatsi, yanzu ko buta sai jikansa ya miƙo masa. Ranar nan wani saurayi yana cika baki cewa shi bai san ciwon baya ba, sai Baba ya sa aka kawo jarkar ruwa mai lita 25, wato nauyin kilo 25 ke nan. Ya ce, "Ɗana, rungume ta a ƙirjinka." Yaro ya rungume yana dariya. "To miƙe hannuwanka da ita." Ko ƙirga biyar ba a yi ba hannu ya kama karkarwa, jijiyar wuya ta fito, ya dire ta da sauri ruwa ya fantsamo tabarma. Baba ya ce, "Ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Haka ƙugunka yake ji duk lokacin da ka miƙar da ƙafa ka sunkuya kan buhu."

Daga nan ya shiga koya masa abin da shi bai samu mai koya masa da wuri ba. Ka matso har ƙafafunka su taɓa buhun, ka ware su, ka durƙusa, cinya ta tashe ka, ba gadon baya ba. In kaya na kanka kana son juyawa, ɗaga ƙafa ka juya gaba ɗaya, kada ka murɗa ƙugu, don a murɗawar nan mutane da yawa suka ji abin ya yi musu ƙas. Gammo kuma a naɗa shi da kauri, kaya su zauna daidai tsakiyar kai. Saukewa ma aiki ce. A nan ake yin ganganci saboda an gaji.

Maƙwabcinmu ma'aikacin jinya ya ƙara mana haske. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu 'yan faya-fayai masu laushi kamar matashi, su ke shanye nauyi. In ana sunkuyawa da kaya ana murɗawa shekara da shekaru, ɗaya zai iya ɓullowa ya danne jijiya, sai ka ji zafi na tafiya daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa. Ya ja kunnenmu sosai: in ƙafa ta fara mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, wannan ba maganar man zafi ko tausa ba ce, asibiti ake nufa a ranar, ga asibitin ƙashi na Dala nan a gari. Haka gwaiwa, wadda kunya ke sa mu ɓoye. Kumburin matsematsi in ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, hanji ne ya shaƙe, ba a kwana da shi.

Shi ne kuma ya faɗa mana cewa tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai su wuce kilo 55. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ma kilo 23 suka ƙayyade, shi ɗin ma sai in komai ya yi daidai. Muka yi tsit muna lissafi. Buhun siminti da na shinkafa kilo 50 ne. Buhun hatsinmu ya kusa ninka wancan 55 ɗin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙwaya. Yaro ya tashi baya na ciwo, maimakon ya huta sai ya haɗiyi tiramol ya koma bakin mota. Ƙwayar ba ta gyara abin da ya ɓaci, kashe zafin kawai take yi, zafin nan kuwa shi ne jiki ke cewa a dakata. Ga jarabar da ke biyo baya.

Ni a ganina bai kamata a jibge wa ɗan dako nauyin duka ba. Alhajin da ya iya cika shago da hatsi ba zai gaza sayen baro biyu ko amalanke ba. Katakon hawa mota ya zama mai faɗi, ba ruɓaɓɓe ba. A share hanya, don ƙwayar wake a kan siminti ta isa ta kayar da ƙato. A jera buhuna a kan dakali yadda ba sai an ɗebo su daga ƙasa ba. In ana iya ɗinka buhun shinkafa rabi, me zai hana na masara? Kakanninmu da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ai ba ragwaye ba ne.

Da na faɗi haka, sai gardama ta kaure. Wani ya ce in mutum biyu suka kama buhu, kuɗin ma biyu za a raba shi, wa zai yarda? Wani ya ce ai biyu sun fi saurin sauke mota, kuma washegari dukansu za su fito. Aka tsaya a kan cewa ranar Juma'a mutum uku za su sami shugaban 'yan dako da maganar. Ana haka ladan ya kira Magariba. Baba ya yunƙura bai tashi ba, ya dubi saurayin nan ya miƙa masa hannu, ya ce, "Kama mini, ɗana."