Wa Ya Aike Su Gaida Farin Beyar?

Na san abin da za ku ce tun kafin in rufe baki. Mutum da hankalinsa ya ƙirga dubban daloli ya miƙa, a ɗauke shi a kai shi can ƙuryar arewacin duniya inda itace ma da ƙyar yake tsiro, don kawai ya ɗauki hoton dabbar da in ta samu sarari za ta yi kalaci da shi. Malam mai gardama ya riga ya yanke hukunci, wai kuɗi ne suka yi musu yawa. Hajiya kuwa cewa ta yi a kai su a yi musu ruƙiyya. To ku gyara zama, yau da ku nake.

Garin sunansa Churchill, a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, a bakin tekun Hudson. Mutanensa ba su cika dubu ɗaya ba. Babu titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasar: ko ka hau jirgin sama, ko ka shiga jirgin ƙasa daga Winnipeg ka kwana biyu a hanya. Daga bakin garin sai filin da ake kira tundura, shimfiɗaɗɗe iya ganinka, ƙasarsa daskararriya ce daga ciki rani da damina. 'Yan itatuwan da suka yi taurin kai suka fito, iska ta aske musu gefe ɗaya, rassansu duk sun koma ɗaya ɓarin.

Me ya tara farin beyar a nan? Yunwa, Malam, ba son ganin baƙi ba. Abincinsa wata dabbar ruwa ce mai kitse da ake kira sil, kuma a kan ƙanƙarar teku yake farautarta. Idan ƙanƙarar ta narke a tsakiyar shekara, dole ya fito tudu ya yi kusan wata huɗu yana cin kitsen jikinsa. Daga Oktoba zuwa Nuwamba sai su yi ta gangarowa gaɓar da ke kusa da Churchill, domin nan ruwa ke riga daskarewa. Suna jiran teku, masu kyamara na jiran su. Ranar da ƙanƙara ta kama sosai, ko sallama ba sa yi.

Ga wani can baya yana ɗaga hannu: ai hotunan nan duk aikin kwamfuta ne. Sannu, ɗan zamani. Tun 1979 wani mutumin garin mai suna Len Smith ya ƙera motar da ake kira Tundra Buggy don wannan sana'a, lokacin ko wayar salula babu a gidanku, balle manhajar haɗa hoto. Mota ce mai tayoyin da suka kusa tsawon mutum, tagoginta can sama, da baranda a baya inda masu hoto ke jeruwa. An ɗaga ta haka ne don babban namiji yakan haura kilo 500, in ya miƙe kan ƙafafun baya kuma ya doshi mita 3. Yakan zo ya dafa jikin motar ya leƙo, yana shinshina. A nan ake gane wanda ya zo ɗaukar hoto da wanda ya zo karanta duk addu'ar da ya haddace.

Amma abin da nake so ku gane, ku masu cewa a intanet ma akwai hoton kyauta, shi ne ba beyar ake biya ba. Shi ko sisi ba ya karɓa. Jagora ake biya. Farar dabba ce kwance a farin fili, kai baƙo sai ka wuce ta sau uku kana cewa dutse ne. Jagora ne zai ce wa direba tsaya, wancan tudun yana numfashi. Shi ya san inda iska ta dosa, ya san dabbar na jin ƙanshin abinci daga nisan da ya wuce kilomita guda. Shi ya san in maza biyu matasa suka fara zagaya juna, ba a daɗewa za su miƙe su sarƙe da kokawa, wadda rabinta wasa ce rabinta gwajin ƙarfi, sai ya sa a juya motar rana ta koma bayan masu hoto. Ranar ma ba ta tashi sama sosai a wannan lokaci, haskenta a kwance yake zuwa, shi ya sa gashin dabbar ke fitowa kamar an shafa masa zinariya. Sauran aikin jira ne. Awa biyu, awa uku, beyar na barci, mutum goma sha wani abu sun zuba masa ido, ba mai tari. Sai ya ɗaga kai ya yi hamma, ka ji kyamarori sun ɗauki ƙara gaba ɗaya, ya mayar da kai ya ci gaba da barcinsa. Wani a kan wannan hammar ya zo daga Japan.

Kuna dariya ko? Ku tuna da Turawan da ke tsayuwa cikin rana a ƙofar fadar Kano ranar hawan Daushe, ƙura na bugun su, suna jiran doki ɗaya ya ɗaga ƙafa. Ban taɓa jin kun ce a yi musu ruƙiyya ba. Cewa kuke yi sun san abu mai kyau.

Sanyin kuwa ba na wasa ba ne, musamman ga wanda hunturun Janairu ke hana shi wanka kwana uku (ban kama suna ba). A Nuwamba yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 15 ko fiye, ga iska. Batirin kyamara mutuwa yake yi da wuri, don haka ake ɓoye na ko-ta-kwana a aljihun ciki, jikin mutum na ɗumama shi. In ka shigo ɗaki mai ɗumi da kyamara a buɗe, gilashinta ya yi gumi, aikin yini ya tsaya. Sai an sa ta a jaka an rufe ta ɗumama a hankali. Wannan ma jagora ne ke faɗa maka, tun kafin ka yi asara.

Yanzu ga wanda na san za ku ce na ƙara gishiri: garin yana da gidan yarin beyar. Tun farkon shekarun 1980 ake amfani da shi, tsohon ginin soja ne, ɗakuna 28. Wanda ya matsa wa gari da sintiri, aka kore shi ya ƙi ji, sai a kama shi a tsare har zuwa kwana 30. Ba a ba shi abinci, sai ruwa ko ƙanƙara, don kada ya fita ya ba 'yan'uwansa labarin ana tuwo a can. Daga nan a sa masa allurar barci, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi cikin raga ya kai shi nesa. Mutanen garin kuma sun saba barin ƙofar mota ba kulle, saboda wanda ya yi kiciɓis da baƙon ya samu wurin faɗawa. Malam mai gardama, kai da ke kulle babur da kwaɗo biyu, wannan ya fi komai ba ka mamaki, na sani.

Akwai gardama ɗaya da na karɓa, ta mai cewa wannan cinkoso takura wa dabba ne. Hukumomi ma sun yarda da shi. A yankin Churchill an ƙayyade yawan motocin da ke da izinin shiga filin, a kan tsofaffin hanyoyin soja suke bi, kuma ba wa beyar abinci ko yaudararsa da nama laifi ne. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, daga 2025 doka ta ce kada a matsi dabbar ƙasa da mita 300, daga Maris zuwa Yuni kuma mita 500. Mai son hoto ya sayi dogon gilashi. Kamfanin da ya yi maka alkawarin za ka shafa kan beyar, riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi masu kyamara barazana ga beyar dai ƙanƙarar ce, da take narkewa da wuri ta kuma makara wajen dawowa. A shekarun 1980 an ƙiyasta beyar na yammacin tekun Hudson sun kai 1,200. Ƙidayar 2016 ta ba da 842, ta 2021 ta ba da 618.

Saboda haka mai niyya ya nemi gurbi da wuri, don kakar 'yan makonni ce kuma kujeru kan ƙare tun watanni kafin lokaci. Ya tafi da safar hannu biyu da batir uku, ya kuma ji maganar jagora. Malam mai gardama kuwa, mun yafe maka tafiyar. Ka dai fara yin wankan asuba a watan Janairu tukuna, sai mu yi maganar biza.