Neman Dokar Akuya a Sakkwato

Jar akuyata ta tsinke igiya, ta faɗa gidan maƙwabcina, ta yi wa zogalensa aski tas. Ya fito yana huci: "Malam, akwai doka hwa! Duk bisar da aka saki kama ta akai, sai an biya tara." Ni kuwa, da girman kan ɗan boko, na ce sai na ga dokar nan da idona.

Na fara da waya. Intanet ta zazzage mini dokokin kiwon kaji na garuruwan Amurka, na garinmu kuwa shiru. Abin da na tsinta kawai shi ne jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, wanda ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da raɗa wa tituna suna da yawon dabbobin gida. Na hau kekena cikin ranar nan ta Sakkwato da ba ta san girman kowa ba.

To, wace ƙaramar hukumar? Jihar na da 23, birnin kansa kuma an yanyanka shi: ga Sakkwato ta Arewa, ga ta Kudu, mutumin Arkilla kuma ɗan Wamakko ne a takarda. Sakatariyar da na ɗauka tamu ce ta ce layinmu na wata ne. Can kuma wani masinja mai carbi ya tabbatar mini dokar tana nan daram cikin kabad, makulli na hannun oga, oga ya tafi ta'aziyya. Na leƙa ta tsagar kabad ɗin, na hango fayiloli ɗaure da tsumma, gara ta riga ni karatu.

Wani dattijo da ke zaune a benci ya ji labarina, ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ɗana, kan zogale kaka neman gazet? Tai wurin mai unguwa, ka ba da haƙuri."

Ina kwance keke daga jikin dalbejiya sai ga mai karɓar haraji.

"Alhaji, wanga keke naka na? Ina lasisinai?"

Ashe jadawalin nan, da na karanta rabi na rufe, ya ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisin keke da baro da amalanke, har da na rediyo. Na ce ya nuna mini dokar a rubuce. Ya ce tana cikin kabad. Littafin rasit dai yana aljihunsa, da biro.