Hilux Ɗina da Notin Jirgin Sama

Tsohuwar Hilux ɗina ita ke kai ni gona da damina, kuma duk ramin da muka faɗa sai jarkar mai da shebur su kama dambe a baya. Na ƙudura sai na kafa musu mariƙi a jikin bodi. Matsalar ita ce bangon bayan motar ruɓi biyu ne, hannu ba ya shiga ta ciki balle ya riƙe noti. Mai walda ya ce in kawo ya ɗana wuta. Na ce fentina ba na ƙonawa ba ne, alhali rabinsa tsatsa ta riga ta ci.

Ƙanena ne ya kawo mini ƙunshin notin ribit, lamba M6. Ɗan gajeren bututu ne mai zare a ciki da leɓe a baki. Ka huda kwano, ka zura shi, ka ja cikinsa da ƙarfi, sai gindinsa ya tattare ya kumbura ta baya, ya damƙe kwanon tsakaninsa da leɓen. Shi ke nan, ka sami wurin ɗaura ƙusa ba tare da ka ga bayan ƙarfen ba. Kafin in taɓa komai sai da na yi wa yaron lacca: kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, don ɗaure robar da ke hana ƙanƙara taruwa a fiffiken jirgin sama. Abin da ya riƙe jirgi, jarka ce za ta gagare shi?

"Yaya, an rubuta a huda milimita 9," in ji shi.

Ni kuwa bakin huda biyu gare ni, 8 da 10. Sai na yi lissafin masu ilimi: kan ƙusar M6 sifana lamba 10 ke kama shi, ashe ramin ma 10 ne. Na ce masa Turawa ma suna kuskuren bugu. Na huda ramuka huɗu reras.

Na farko, mai siririn leɓe, ina zura shi ya wuce zuruf. Muka ji ƙil, ƙil, ƙil yana gangarawa cikin bangon. Muka yi shiru kamar an yi rasuwa.

Sauran masu faɗin leɓe ne, suka tsaya. Ba ni da na'urar matse su, sai na yi dabarar gareji: doguwar ƙusa, noti a kanta, washa, sannan ribit ɗin. Ka riƙe kan ƙusar da sifana ɗaya, ka murɗa notin da ɗaya, yana jan ribit yana tattarewa. Na biyu ya yi kamar ya kama. Na uku na ce bari in nuna masa ni ɗan noma ne, na murɗa har zaren alminiyam ɗin ya biyo ƙusar waje kamar taliya.

Da na zo ɗaura mariƙin sai na biyun ya fara juyawa tare da ƙusar. Ba ta shiga, ba ta fita. Na ɗauko injin huda in cinye shi, shi ma ya bi bakin injin yana walwala. Maiɗakina ta leƙo da la'asar ta ce, "Malam, jirgin bai tashi ba har yanzu?"

Washegari na kai wa bakanike. Ya zura yatsa a ramin, ya dube ni.

"Alhaji, wane yaro ne ya yi maka wannan ɓarnar?"

Na ce wani ne a unguwarmu. Ƙanena ya juya baya yana tari.

Ya riƙe leɓen na biyun da filaya ya yanke, gindin ya faɗa ciki wurin ɗan'uwansa. Ya faɗaɗa ramukan zuwa 11, ya shafa fenti a bakinsu saboda tsatsa, ya sa M8 na ƙarfe masu zane a jiki, ya matse da na'ura mai hannu biyu. Ko shayina bai huce ba ya gama.

Jarka ta zauna daram, shebur ya yi ladab. Amma su biyun nan da ke cikin bango suna nan, kuma daga kwalta ta ƙare suke fara kiɗa. Ranar da na ɗauki surukina zuwa gona ya kasa kunne ya ce, "Wannan ƙarar fa?" Kafin in buɗe baki ƙanena ya amsa daga baya: "Baba, kayan jirgin sama ne."