Na Samo Wanda Ya Fi Ka Su

Zuwa ga taubashina a Lolo,

Ya ruwa, ya kasuwar Tsamiya?

Albishirinka! Ka daɗe kana cika baki wai daga Lolo har Bahindi babu mai jefa birgi kamarka. To, na samo malaminka a bakin tekun Galbeston, nan Amurka, ba shi da kwalekwale, bai taɓa sayen taru ba. Tsuntsu ne, kwasakwasa, amma ba fari ba. Jikinsa ruwan ƙasa ne mai toka-toka, kai fari da ɗan rawaya, in ya buɗe fukafukai sun kai mita 2.

Sai ka gan shi yana shawagi can sama, wani lokaci har mita 20. Yana hango kifi sai ya naɗe fukafukai ya sulmiyo da ka, tsundum! Ko gezau, domin kuwa Allah ya yi masa jakunkunan iska ƙarƙashin fata. Jakar da ke ƙasan bakinsa kuwa tana kwasar ruwa kusan lita 11. Sai ya sunkuyar da baki ruwan ya tsiyaye, ya ɗaga kai ya haɗiye kifin ɗungurungum. A daidai wannan tsiyayarwar ne wani ɗan farin tsuntsu mai kwakwazo ke sauka a tsakiyar kansa, ya wafce kifin ya tsere. Wallahi kai na tuna, ranar da Gwaggo ta soya tarwaɗa.

Amma akwai abin da ya taɓa ni. Maganin ƙwari na DDT ya kusa ƙarar da kwasakwasan nan. Guba ta shiga kifi, ya ci kifin, ɓawon ƙwansa ya daina ƙwari, ga shi da ƙafafu yake kwanci, sai ƙwan ya fashe. A jihar Luwiziyana, wadda hoton kwasakwasa ke kan tutarta, nema aka yi aka rasa a shekarun 1960. An hana maganin a Amurka a 1972, sai 2009 aka cire tsuntsun daga jerin masu shirin ƙarewa. Don Allah ka kai wa Sarkin Ruwa wannan labari, ya ja kunnen masu zuba maganin Gamalin a Kwara.

Kuɗin sharar bana na turo ta hannun Gwaggo, don na san halinka. Ka gaishe ta, ka gaida yara.

Naka,
Ubangidanka na Amurka