Sharuɗɗan Wasiyyar Rhodes

Sa'ad da Cecil Rhodes, attajirin lu'ulu'un Kimberley, ya rasu a 1902, ya bar wasiyya a ɗauki nauyin karatun samari a Jami'ar Oxford, bisa sharaɗin ilimi, da ƙwazon wasanni, da gaskiya, da tausayin raunana. Sifofin da, in da za a nemi shaidar mutanen Ndebele da ya ƙwace wa ƙasa, da wuya shi kansa mai wasiyyar ya tsallake. Sa'an nan ɗalibin da malamai suka raina bisa tsoron ujubu da riya, in zai nemi wannan tallafin karatu, wajibi ne ya rubuta madahun kansa, har ya lissafa tawali'u cikin falalolinsa. To, mai nema, yabi kanka sosai, istigfari ya biyo baya.