Zuwa ga Bawana Bagobirin Illela, Uban Naira da Sefa

Bawana Bagobiri, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Ina gajiyar kasuwa, ina iyali, yaya kuma masu jiki? Kada ka ce wane masu jiki, don labari ya riga ka zuwa Sakkwato. Direbobin Illela ba su iya riƙe magana ba, tun daga Gwadabawa suke rabon ta kyauta, kafin su kai Kware ta zama waƙa: wai jikan Bawa Jangwarzo ya buɗe asibitin mussoshi a zaurensa, shi ne likita, shi ne mai jinya, shi ne mai wankin kwano.

Kowa ya san abin da ake zuwa nema Illela ranar Lahadi. Wani ya koma gida da bijimi, wani da raƙumi, wani da jar akuya, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗaura buhun wake ko albasar Galmi a bayan kabu-kabu. Kai kuwa da ka tashi cin kasuwa sai ka zagaya bayan rumfunan mahauta, ka dawo da kwali a ka, cikinsa kyanwoyi biyu 'yan ciki ɗaya. Guda kwantsa ta manne mata ido har ganin ya tafi, ga majina tana atishawa. Gudar kuma ƙafar baya ta lalace, an ce babur ne ya bi ta kai, tana tafiya da uku tana jan ta huɗun. Wanda ya gani ya ce min da ka ɗaga gurguwar sai makauniyar ta bi ƙafar wandonka tana kuka, tana cusa hanci cikin ƙasa tana neman inda aka kai 'yar'uwarta, har ka sunkuya ka haɗa su. Da a ce kakanninka na Alƙalawa sun san inda jarumtar gidan za ta ƙare ke nan, da tun 1808 sun haƙura.

Amma ni ban yi mamaki ba, jini ne ya ja. Dubi fuskarka a madubi: tsaga shida gefe guda, bakwai ɗaya gefen, duk sun taso daga bakin sun nufi kunne. Mussoshin nan da suka ɗaga kai suka hango ka, wa za su ce sun gani in ba kawunsu ba? Sai dai ka sani, ko a nan sun fi ka, domin kyanwa gashin bakinta kusan 12 ne kowane gefe, kuma nata aiki yake yi. Da shi take auna faɗin ƙofa, da shi take jin bango kafin ta yi karo. Naka kuwa wanzami ya karɓi kuɗinsa ya tafi, har yau a kan turmi kake tuntuɓe.

Sunayen da ka raɗa musu kam na sara maka. Gurguwar Naira, makauniyar Sefa. Duk wanda ya tsaya gaban teburin 'yan canji a bakin iyaka tun daga 2023 ya san dalilin da ya sa Naira ce mai ɗingishi, ya kuma san Sefa ba ta ganin kowa, ko surukinka ne sai ta ƙona masa aljihu. Ka ga ashe zama da Bayarabe irina bai tashi a banza ba, ka fara wayo.

An kuma ba ni labarin maƙwabcinka da ya roƙi Naira, wai ko da ƙafa uku za ta tsorata masa ɓeraye a rumbu, kai kuma ka rage wa kanka nauyi. Ka ba shi. Sefa ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta kwana tana zagaya zaure tana kira. Da asuba ka tafi da borin kunya ka karɓo kayanka, kana cewa: “Ba ni raba su, wagga ita ta idon waccan.” To, bari in faɗi abin da ba a taɓa jin Bayarabe ya faɗa wa Bagobiri ba, kuma in ka maimaita zan musa: nan ka yi daidai. Kyanwoyin da suka tashi tare, suna kwana jiki da jiki suna lasar juna, rabuwa tana taɓa su sosai, balle makauniyar da ke bin ƙanshi da sautin tafiyar 'yar'uwarta. Kuma ƙin cin abinci ga kyanwa ba ƙaramin abu ba ne, in ta jera 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse kan taru a hantarta ya kwantar da ita. Gidajen kula da dabbobin da aka tsinta a Ingila da Amurka sun san haka, shi ya sa in ka je neman ɗaya daga irin waɗannan sai su ce ko ka ɗauki biyun ko ka bar su.

Kai ba sai an kai ka Ingila ba, a ƙofar gidanka aka yi darasin. Watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris 2024. Wa ya ji daɗi? Manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa, kasuwarku ta Lahadi ta rame, ta Laraba a Ƙonni, tsallaken iyaka, ta rame, mai ɗiya a can yana zagaye ta daji don ya je suna. Masu zane a takarda sun ɗauka garuruwa biyu ne, ku kun san cikinku ɗaya. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata a koya masa illar raba abin da ya saba da juna ba.

Na san kana ta kafa hujja da malamai a majalisa, kuma ba ka yi ƙarya ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi, Abu Huraira. Bukhari da Muslim sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an nuna kyanwa ba najasa ba ce, ruwan da ta sha ana alwala da shi. Har sarkin Misra Zahir Baibars, a ƙarni na 13, ya yi waƙafin lambu don ciyar da kyanwoyin Alƙahira marasa gata. Duk na yarda. Sai dai ka lura, matar can ba dukan kyanwa ta yi ba, riƙewa ta yi ta kasa ɗaukar nauyi. Tun da ka rufe ƙofa a kansu, cinsu da shansu da maganinsu sun hau wuyanka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka gyara zama, ubangidanka zai yi maka karatu, ba don kai ba, don marayun nan.

Fara da abin da ya cika garinku. Albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa mata jajayen ƙwayoyin jini. Ba a ranar za ka gani ba, sai bayan kwanaki ka ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, tana haki. Wato ragowar miyar da kake kwarara musu a kan tuwo, da guntun tsiren da ya sha yaji da albasa, ba gata ba ne. Tuwon ma kansa ba abincinsu ba ne. Kyanwa maciyar nama ce, akwai wani sinadari a nama da kifi da in ta rasa shi ido ke mutuwa, zuciya ta raunana. Kana da makauniya ɗaya, kada rowarka ta ba ka ta biyu. Je wurin mahautan da ka tsince su, ka sayi tarkacen nama da zuciya da 'yar hanta kaɗan, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi. Kifi a cire ƙaya. Madarar gari da kake dama musu kuma ita ke sa su zawo, babbar kyanwa ba ta narkar da ita da kyau. Ruwa mai tsabta suke so, a inuwa, musamman watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40.

Na biyu, ka raba kanka da likitancin gado. Na san halinku, ciwon kai farasitamol, ciwon baya farasitamol, akuya ta yi tari farasitamol. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Haka maganin kaskar shanu da na karnuka da ake sayarwa a kara, kada ka ce bari in ɗiga musu don ƙuma, wasunsu farfaɗiya suke sa kyanwa har ta mutu. Fiya-fiya da kake fesawa a ɗaki, fitar da su tukuna. Shinkafar ɓera kuwa ka yi sallama da ita, ɓeran da ya ci ta ya fito yana layi, shi Naira za ta fi saurin kamawa da ƙafarta uku, ta ci gubar a cikinsa.

Idon Sefa, ko da ganin ya tafi, ciwon bai tafi ba. Irin murar nan ta kyanwoyi da ke kama su tun suna ƙanana takan kwanta a jiki, ta taso in an shiga damuwa ko sanyi, ga ƙurar hunturu tana ƙara mata. Auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, a goge daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Ba kwalli, ba ruwan goro, ba ragowar maganin idon kakarka. Sa'an nan ka daina kwashe-kwashen kaya a zaure. Makauniyar kyanwa haddace gida take yi, ta san taku nawa ne daga tabarma zuwa kasko. Yau ka ajiye buhu nan, gobe ka jingine babur can, ka ɓata mata karatu. Kwanon ci da na sha da kaskon yashin bayan gida kowanne ya zauna inda yake, rijiya kuma a rufe. Ka yi mata magana kafin ka taɓa ta. In ka samu ɗan ƙaramin kacau-kacau ka ɗaura wa Naira a wuya da zare mai saurin tsinkewa, Sefa za ta riƙa bin sautin. Taron ɓeraye ya gagara samun mai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa tun zamanin tatsuniya, ashe Bagobiri ake jira. Ita Naira kuma kada tausayi ya sa ka cusa mata abinci ta yi teɓa, ƙafa uku ba ta ɗaukar kayan huɗu.

Akwai kuma abin da ya shafi gidanka kai tsaye. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba, kyanwa ma tana ɗauka ta ba mutum, kuma in alamunsa suka bayyana sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Allurar rigakafi ake yi musu daga wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya ce. In sun ciji yaro ko sun yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti. Kada ka ce ai kyanwar Lami ce. Maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku. In ka ga gashi ya zube ya bar da'ira, makero ne, yana kama yara. Uwargida kuwa, in tana da juna biyu, ba ita ba kwashe kashinsu, akwai cutar da ke bi ta nan ta taɓa abin da ke ciki. Aikinka ne, ka naɗe hannun riga, dama bawa don aiki aka yi shi.

Saura zancen samari. Muzuran Ƙonni ba su san jami'in kwastan ba, ko lokacin da aka rufe iyaka su ba su fasa zance ba. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, ta maimaita sau biyu ko uku a shekara. Lissafa da kanka, in lissafin bai fi ƙarfinka ba. Gurguwa da ciki wahala ce, makauniya da goyo ta fi. Kada ka yarda da muzurun da ke zaune kan katangarka yana lumshe ido kamar mai tazbaha, tuban muzuru ne. Likitocin dabbobi suna yin aikin da ke hana haihuwa, su ne kuma za su duba ko ƙafar Naira za ta gyaru ko cire ta ya fi mata sauƙi.

Saboda haka ga umarni. Ka fara da ofishin likitan dabbobi na nan wurinku, in abin ya fi ƙarfinsu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Ka sa su kwando ɗaya mai iska, da tsumman da suka saba kwana a kai, ka fito da sanyin safiya. Masauki yana wurina. Naira da Sefa za su kwana a ɗaki, an tanadar musu dafaffen kifi. Kai kuma akwai tabarma a zaure da amala mai barkonon da zai miƙar maka da tsagar nan. Ka haɗo da kuɗin sharata na bara da na bana, kuma a Sefa nake so, don na ga yadda Naira take tafiya.

Ubangidanka har kullum,
Bayaraben Sakkwato